Ranar da Hannun Malam Ya Fara Rawa

Mu uku muka haɗa hannu muka buɗe asibitin a Tudun Wada: ni mai duba mata da yara, da wani abokin karatuna ɗan Kiru, sai babbanmu, likitan tiyata da ya koyar da mu a Kano kafin ya yi ritaya. Malam muke ce masa.

Da aiki ya kankama muka ɗauki manaja, wata Hajiya da ta karanci harkar gudanar da kasuwanci, don mu allura da magani kawai muka sani. Ita ta kafa mana al'adar zama a bakin tafkin Bagauda bayan kowace damina, mu tsara inda muka dosa. A nan muka yanke shawarar buɗe reshe a Doguwa, saboda matan da ake kawo mana daga can cikin naƙuda, wasu su cika a hanya. Hajiya ta sha faɗa mana cewa duk tsarin a wuyan mutum ɗaya ya rataya, a nemo matashin da zai koyi tiyata a gaban Malam. Mun nemo har biyu. Kowannensu da hannunsa ya faɗa sai ya samu aiki a ƙasar waje ya tafi.

A wani zama Hajiya tana bayanin ginin Doguwa, wanda ya kai linta saura rufi, aka kawo shayi. Malam ya ɗauki kofi, sai na ji cokali yana ƙara a ciki. Ya ajiye, ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan tebur. Yatsun suna rawa.

"Ku duba da kyau, ku likitoci ne," in ji shi. "Tun bayan Sallah nake tura masu tiyata Kano, kuna zaton gajiya ce."

Abokina ya ce, "Malam, ai akwai magani, zai lafa."

"Ni na koya maka wannan maganar don majiyyata. Ni kada ka faɗa mini."

Hajiya ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin tiyata fa?"

"A rufe. Ku tsara abin da ku biyu za ku iya."

Shi da kansa ya ja ragamar zaman har ƙarshe. Aka dakatar da ginin Doguwa, aka amince a nema wa ma'aikatan tiyata wani wurin, a sayi motar kai marasa lafiya Kano.

Malam ya ci gaba da zuwa asibitin yana duba mutane da baki. Wata rana wani Bafulatani daga wajen Doguwa ya kawo matarsa, ɗan ya kwanta a gicciye a cikinta. Ya durƙusa gaban Malam ya ce, "Baba, kai ka ciro mini ɗan fari. Ban yarda da kowa ba sai kai."

Malam ya zaro hannun daga aljihu ya nuna masa. Mutumin ya kalla, ya sunkuyar da kai.

Ni na shiga motar da ita. Kafin mu wuce Bebeji na daina jin bugun zuciyar jaririn. Uwar dai ta rayu.

Da na dawo na tarar da Malam zaune a baranda yana jirana. Na faɗa masa. Ya yi salati, ya ce, "'Yata, da bara ne, da yanzu yana shan nono." Daga ranar bai ƙara taka asibitin ba.

Da shekara ta zagayo abokina ya tafi Saudiyya. Ni da Hajiya muka mayar da wurin na haihuwa da yara, muka rage gadaje. Nakan je gidan Malam ranar Juma'a. A ƙarshe ko cokali ba ya iya riƙewa, ni nake ba shi kunu, yana tambayata majiyyatansa ɗaya bayan ɗaya.

Ya rasu ana girbin masara. Ranar akwai mace a kan gwiwa, ba wanda zan bar wa ita, sai bayan la'asar na samu zuwa gaisuwa.