Irin Tabar Malam Gide

A Sheme, in ka nemi mai garin taba, gindin darbejiyar bakin titi za a nuna maka, inda Malam Gide ya shekara talatin yana zama da ɗan turminsa. Shi ke noma tabarsa, shi ke shanya ta, ya daka ta da kanwa. Mai ciwon haƙori ya cusa a kogo, makiyayi ya jiƙa ya wanke wa saniyarsa kaska. 'Yarsa Mansura, da ke aiki a wani ƙaramin asibiti, ta gaji da gaya masa cewa abin nan yana cin dasashi. Shi kuma kullum sai ya tambaye ta wa ke biyan waɗanda suka koya mata hakan.

Takardar nan da ake naɗewa a cikin kwalin magani ce ta raba shi da maganin kamfani. Ya taɓa sa Mansura ta karanta masa wata, ya ji ana lissafa jiri, amai da ƙaiƙayi. Ya ce shi ba ya shan abin da ke ba da haƙuri tun ba a haɗiye shi ba.

Bara waccan, Uwais mai cajin waya ya nuna masa bidiyon wani mai farar riga yana rantsuwa cewa sinadarin taba magani ne, kamfanoni ne ke ɓoyewa. Bidiyon ya bazu, ciniki ya buɗe, har daga Sabuwa ake aikowa. Kowa ya zaci malam zai yi murna, amma sai ya tsuke fuska. Shi dai bai taɓa ganin an yabi kayan talaka a banza ba.

Ana haka sai ga wani baƙo mai tsabtar takalmi. Ya ce ɗalibi ne mai bincike, yana roƙon a ɗan tsakuro masa irin tabar. Malam Gide bai kalli fuskarsa ba, biron aljihunsa ya kalla, ya ga irin wanda masu tallar magani ke rabawa ne. Ya ce iri ya ƙare.

Bai ƙare ba. Akwai cikin tafin hannu guda, mai laushi kamar rairayi, jikan irin da mahaifinsa ya zo da shi daga Mabai. In ya salwanta, babu shuka a shekarar. Ya ɓoye shi a rumbu, ya ga rumbu kowa ya san shi. Ya mayar cikin hula, ya tuna yana cire ta wajen alwala. Daga ƙarshe ya ɗura shi a tsohuwar kwalbar maganin tari ya ajiye a taga, don ba mai neman dukiyarsa a cikin kayan abokan gaba. Bai gaya wa matarsa Safara'u ba, saboda ƙanenta na da kemis a Ƙanƙara.

Ranar wata Laraba ya dawo ya tarar da kwalbar an wanke ta fes, cike da man gyaɗa.

"Ina abin da ke ciki?" ya tambayi Safara'u.

"Wannan ƙasar? Tana juji, Malam. Ba kai ka ce kada ka sake ganin maganin kamfani a gidan nan ba?"

Ya yi kwana biyu yana tankaɗe toka da kashin awaki, bai samu ko ƙwaya ba.

Da ruwa ya sauka, sai jujin bayan gida ya yi kore shar. Taba ce, ta fito ba kyan gani, ta fi ta kowace shekara ƙiba. Kafin labari ya iske shi a bakin titi, rabin unguwa sun cira sun kai bayan ɗakunansu. Ya samu goma sha bakwai ya dasa, ya kewaye su da ƙaya.

Iri dai ya tsira, sai dai yanzu har ladan yana da shi. Malam Gide bai yi wa Safara'u faɗa ba. Yakan dai dube ta a kaikaice in tana shara, ya tambaye ta a hankali wa ya ba ta shawarar ta fara ta wajen taga ranar nan.