Mai Shayar da Furen Roba

Ina jiran a sa min hannu a takarda, ina kallon masinjan ofishin, wani dattijo siriri mai tabarau ɗaure da zare. Kwana uku famfo bai kawo ruwa ba, kowa yana ɓoye gorarsa. Shi kuwa yana tsugune bakin ƙofa, yana juye tasa a tukunyar fure, har da shafa ganyen. Ina jin manomi ne a da, ya taɓa ganin shukarsa ta ƙone.

Sakatariya ta ce, "Haba Baba, furen nan fa na roba ne!"

Ko ɗagowa bai yi ba.

"Yi aikinki, 'yar nan. Shekara huɗu ina ba shi ruwa. Kin taɓa ganin ya yi yaushi?"