Lambobin Ba Fannami

Dattijon da ake kira Ba Fannami ya shekara arba'in yana noman tattasai a bakin kogin Komadugu, kusa da Assaga. Mutum ne da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, shi ya sa ake kiransa shaida idan an yi rikicin iyakar gona. Abu ɗaya ya ɓoye wa kowa, har matarsa Falmata: yanar ido ta fara rufe masa gani.

Ana haka Kaltumi, wata malamar gona daga Diffa, ta zo da aikin bincike. Tana da manhaja a kwamfuta mai lissafa yadda ganye ke haɗa abincinsa da hasken rana, da lokacin da zafi ke sa ya daina. Ta ba manoma shida na'urar auna zafi da kaye, wato littafin rubutu, kowa ya riƙa rubuta lambar da ya gani da azahar.

Ranar farko Fannami ya kai na'urar har kan hancinsa, bai ga komai ba sai dishi-dishi. Ya tsaya ya ji iska a jikinsa, ya rubuta talatin da biyu da manyan lambobi. Haka ya yi wata uku.

Da Kaltumi ta tara su a gindin bishiyar bedi, murna take yi.

"Ba Fannami, gonarka ta ba ni mamaki. Ta kowa zafi na kaiwa arba'in, ban da taka. Manhajar ta ce ganyenka bai taɓa daina aiki ba. Har na rubuta wa manyana su zo su gani."

Maƙwabcinsa Laminu ya ce shi ma zai canza banruwansa ya koma irin na Fannami. Jin haka Fannami ya sunkuyar da kai.

"Kada ka canza komai, Laminu. 'Yata, ban taɓa ganin lambar nan ba. Idona ne. Da ka na rubuta."

Kaltumi ta rufe kwamfutar a hankali ta ce, "Da ka faɗa mini tun farko, Ba."

Sai da ta cire gonarsa daga lissafin, ta sake rubuta wa manyanta. Shi kuwa ya yi sati biyu yana sallah a gida. Daga baya Laminu ya ɗauke shi a babur zuwa likita a Diffa, aka gyara ido ɗaya.

Da shekara ta zagayo Kaltumi ta sake miƙo masa na'ura, ya ce a ba wani. Har yau idan ya hango motarta, sai ya sami abin yi a can ƙarshen gona.