Jiƙon Kawu

Kawu ba kawuna ba ne. Mutumin Filato ne, ni kuwa Bakano, gidan haya a unguwar Taman Melati ne ya haɗa mu lokacin da muke karatun digiri na uku a Kuala Lumpur. Ya girme ni nesa ba kusa ba, dattijo ne a cocinsu, kuma shi ke tashina sallar asuba in na makara, da faɗa kamar shi zai ja sallar. Ina ƙaunar mutumin nan, duk da ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba.

Da ciwon baya ya zo ƙasar, tsarabar wani tsohon haɗarin mota. Bayan an gwada wannan an gwada wancan, likita ya ɗora shi a kan wata ƙwaya mai ƙarfi, dangin mofin, wadda ke sakin maganinta kaɗan-kaɗan tun safe har yamma. Da farko ta yi masa rana. Matakalar tashar jirgin ƙasa ma sai ya riga ni hawa, ya tsaya a sama yana yi mini dariya wai tuwo ya yi mini yawa.

Sannu a hankali na ga ƙwayar ta fara juya shi. Muna zaune a mamak, shagon Indiyawan da muke karin kumallo da gurasarsu roti, idonsa na kan agogo. In lokacinta ya ɗan gota, sai gumi da hamma, hanci na zuba, ga saurin fushi.

"Kawu," na ce, "ƙwayar nan fa ta fara fin ƙarfinka."

"Yaushe ka zama likita? Ci rotinka ka bar ni."

A wancan zamanin duk ɗalibin da ya je hutu gida ya zama jakin kowa. Wannan ya ɗora masa kuka, wancan daddawa, wani kilishi. Matar Kawu, da nake kira Mama, ba a taɓa barinta a baya ba. Daga Jos takan aiko da acca, a ƙasan jakar kuma ƙullin saiwoyi na ciwon baya da take zuwa har ƙauye ta samo. Kawu yakan jiƙa su a tsohuwar kwalbar zuma, ya ajiye a kan taga, ya riƙa kurɓa in bayan ya matsa. Na taɓa shinshinawa, warin ya doke ni har ƙwaƙwalwa. Na ce a raina haka saiwar Filato take. Mu a gidanmu da ruwa ake jiƙo, ban san akwai wani abin jiƙawa ba.

Wata Lahadi da rana na dawo daga kasuwar Chow Kit da kifi da kuɓewa, na tarar da shi a kujera da kayan coci, kai ya langaɓe. Na fara tsokanarsa wai wa'azi ya yi tsawo. Bai tanka ba. Minsharin da yake yi ba irin nasa ba ne, ya ja numfashi, ya daɗe shiru, har sai ka ce ba zai sake ja ba. Leɓensa ya yi duhu. Na jijjiga shi, na kira shi da ƙarfi, ko motsi. Tsoro irin na ranar ban taɓa jinsa ba. Na kira motar asibiti.

Allah ya sa da sauran kwana. Suka yi masa allura, suka sa masa iska, numfashi ya dawo. Likitar, wata 'yar Malay mai magana a hankali, ta tambaye ni ko yana shan giya. Raina ya ɓaci. Na ce mata mutumin nan dattijon coci ne, ya bar giya tun ina rarrafe, har rantsuwa na yi. Ta ce to me yake sha bayan ƙwayar. Na ce jiƙon gida ne kawai. Ta ce in je in kawo.

Tana buɗe kwalbar ta kawar da kai. Ashe da barasa Kawu ke jiƙa saiwoyinsa, farar nan mai zafi da yake saya a shagon wani ɗan Sin. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani: ƙwayar kan rage numfashi, giya ma haka, in sun haɗu sai su taru su danne mutum yana barci. Wasu irin ƙwayoyin ma giya kan sa su saki maganin yini guda a lokaci ɗaya.

Da ya farfaɗo sosai na tsaya a kansa ina huci.

"Kawu, ka sa na rantse a banza! Giya kake sha?"

"Wace giya?" ya ce da muryar da ta dushe. "Ni ba na shan giya. Magani ne. Haka babana ke jiƙa shi."

Kuma har ga Allah haka ya ɗauka. Lokacin da aka rubuta masa ƙwayar an tambaye shi ko yana shan giya, ya ce ba ya sha, bai kuma ga ya yi ƙarya ba.

Likita ta hana jiƙon, ta kuma ce ƙwayar ba a yanke ta rana ɗaya, sai dai a riƙa ragewa a hankali ana duba shi. Watannin nan mun sha wuya. Ya yi rashin barci, ya yi ciwon jiki, ya zage ni da Hausa da Turanci da yarensu. Ni ke raka shi gashin baya, ni ke riƙe da kwalin ƙwayar, da yardarsa. Abu ɗaya ya roƙe ni, kada Mama ta ji.

"Ƙafa take takawa ta samo saiwar nan," ya ce. "In ta ji abin da ya faru, ba za ta yafe wa kanta ba."

Na ce to. Amma na san Kawu. In saiwa ta sake shigowa gidan a ranar da baya ya matsa, shagon ɗan Sin ba nisa. Na kira Mama, na faɗa mata komai. Ta ce, "Na gode, ɗana."

Da saƙo na gaba ya iso, ya zauna a ƙasa ya kwance jakar. Ya fito da acca, da gyaɗa, da wata hular ulu da ba ta da amfani a zafin Kuala Lumpur. Ya zura hannu har ƙasa, ya lalube kusurwa-kusurwa, ya kife jakar ya kakkaɓe. Babu saiwa.

Ya ɗago ya dube ni. Na shirya shan zagi.

"Magulmaci," ya ce, idonsa ya cika da hawaye. Ya sa hular a kansa, ya miƙo mini hannu in tashe shi, ya ce in ba shi waya zai kira matarsa.