Kaset Ɗin da Yaya Bala Ya Yanke

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana Bala, direba a wata ma'aikatar gwamnati a nan Abuja. Na so in yi masa addu'a kawai in yi shiru, amma raina a ɓace yake, kuma ɗansa Nasiru ne ya ɓata min shi.

Fim ɗaya Yaya ya sani a duniya, wani tsohon fim ɗin Indiya, labarin wata uwa da ɗanta tilo. Duk Lahadi bayan la'asar a gidansu na Mararaba zai hure kaset ɗin, ya goge shi da bakin riga, ya saka. Ko kalma ɗaya ta Indiyanci ba ya ji, amma shi ke fassara wa matarsa Anti Ladi, har da waƙoƙin. Mun yi masa tsiya har mun gaji, ko a jikinsa.

Fim ɗin yana ƙarewa ne inda yaron ya sauko daga jirgin ƙasa ya rungume uwarsa. Sai talabijin ta yi shuɗi, Yaya ya ce, "To Ladi, ya dawo gida. A kawo shayi."

Ni kaɗai na san ba nan ne ƙarshen ba. Ya sayo kaset ɗin ne shekarar da ɗansu na fari ya rasu a hatsarin mota, don ya ɗauke mata hankali. Ya fara kallo shi kaɗai, ya ga a ƙarshe ana kashe yaron a gaban uwar. Sai ya kwance kaset ɗin, ya sa reza ya yanke wurin. Ni na riƙe masa zaren yana liƙewa da salatif.

Watan jiya Nasiru ya tattara tsofaffin kaset-kaset na gidan, har da na fim ɗin, ya ba baban bola mai sayen tarkace, wai shara ce mai tara kyankyasai. Bai tambayi kowa ba. Da uwarsa Anti Ladi ta yi magana ya ce, "Haba Mama, komai fa yana waya yanzu." Ya nemo mata fim ɗin cikakke, ya miƙa mata, ya fice abinsa.

Tana gama kallo ta kira ni. "Asabe, ashe kashe shi suka yi?"

Na san Nasiru bai san an yanke kaset ɗin ba. Abin da ke cina shi ne gadarar, a ce duk abin da ya tsufa shara ne. Da Yaya na raye da ya tambaye shi a wace wayar ce ake samun fim ɗin da miji ya gyara wa matarsa da hannunsa. Ni ma ina jin haushin kaina da na yi ta ɓoye maganar har ta zo ta cutar da ita.

Lahadin nan na je Mararaba na faɗa mata komai. Sai ta ɗauki wayar muka kalli fim ɗin tare. Da yaron ya sauko daga jirgi ya rungume uwarsa, sai ta danna ta tsayar da kanta, ta kife wayar a kan cinyarta.

"Ya dawo gida," in ji ta. "Asabe, ɗora mana shayi."