Kaka a Kan Lilo Babu Safar Hannu

Shekara talatin ya yi a ɗakin gwajin jini, har tsoron ƙwayoyin cuta ya hana shi taɓa ƙofa sai da safar hannu. Da hutu jikarsa ta ja shi wurin wasanni. Mai lilo ya ce yara ba sa hawa sai da babba, kuma ban da safar hannu, don tana santsi.

Ya tsaya yana hararar ƙarfen da dubban hannaye suka riƙe.

"Tsoho, tsoro kake ji?" in ji jikar. "In canza miji?"

Ya cire safar, ya damƙi ƙarfen. Lilo na ɗagawa, ihunsa ya danne nata. Da suka sauko ya wanke hannu sau uku, sannan suka koma layi.