Gwiwar Ƙanena da Kazar Mai Ɗori

Mu biyar mahaifinmu ya bari a gidanmu na unguwar New Bell a Douala, ni ne babba. Tun daga ranar da aka binne shi, abin da na ce a gidan shi ake yi. Ƙanena na uku shi ne ɗan ƙwallo. Baya yake tsarewa, lamba biyar. Dogo ne, ba shi da gudu sosai, amma ya san inda ƙwallo za ta faɗi tun ba a buga ta ba. Ya fara a filin unguwa, ya koma wata ƙungiya a unguwar Bonabéri, daga nan babbar ƙungiya ta ɗauke shi da albashi. Shekara huɗu ya yi yana buga musu.

A damina ta biyar ya zame a wajen atisaye, gwiwarsa ta hagu ta murɗe. Likitan ƙungiya ya ce a ɗauki hoto, yana zargin jijiyar ciki ce ta tsinke, kuma in haka ne sai aikin tiyata da hutun watanni. A lokacin saura wata guda wani mutum ya zo daga Turai ya kalli wasansa.

Ya dawo gida a kan babur ɗin haya, wanda muke kira benskin, gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Na ce ba za a yanka shi ba. A gidanmu duk wanda ya karye ko ya yi targaɗe, wurin wani tsoho mai ɗori ake kai shi, a bayan masallacin unguwa. Shi ya ɗora hannuna ina yaro, kuma ya warke.

"Yaya, likita ya ce ba ƙashi ba ne," in ji shi.

"Likitan shekararsa nawa? Tsohon nan yana ɗori tun ba a haifi uban likitanka ba. Tashi mu je."

Ya tashi. Bai taɓa musa mini ba.

Tsohon yana da ƙa'ida. Za ka kawo kaza, ya karya ƙafarta, ya ɗora ta tare da ta majiyyaci. Ranar da kaza ta taka, mutum ya warke. Ya ja ƙafar ƙanena har ya yi gumi, ya shafa man shanu, ya ɗaure da kara da tsumma. Na hana kowa a gidan ya gaya wa ƙungiya inda muka kai shi. Muka ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi, shi ya sa bai je ɗaukar hoton ba. Kullum da safe kafin in tafi shago sai na leƙa kazar. A mako na uku ta taka, har ta bi 'yan'uwanta tsakar gida. Kumburin ma ya sauka. Na ce masa ya ɗauki takalmansa.

"Ina jin tana rawa daga ciki," ya ce.

"Tsoro ne kawai. Ka warke."

Ina filin ranar da mutumin Turai ya zo kallonsa. Bai kai hutun rabin lokaci ba. Ya juya zai bi ɗan gaba, babu wanda ya taɓa shi, ya faɗi. Baƙon ya rufe littafinsa. Da aka yi aikin daga baya, likita ya ce guringuntsin ma ya lalace.

Ya ƙara shekara biyu a wata ƙaramar ƙungiya yana ɗingishi, sannan ya je Yaoundé ya yi karatun koci. Ya horar da wata ƙungiya a unguwar Village shekaru da yawa, kuma 'yan bayansa sun yi suna da wuyar wucewa. Amma gwiwar tana ta ci gaba da lalacewa. Da farko ya daina gudu tare da 'yan wasa, sai ya koma sanda, daga ƙarshe yana ba da umarni daga kan benci. Bara suka sallame shi, suka kawo wanda zai iya nunawa da ƙafarsa. Yanzu a kan kujera yake salla, a ƙarshen sahu, tare da tsofaffin da suka haife shi.

Na ba shi wuri a shagona na yadi. Duk wanda ya shigo ya gane shi, ya fara zancen da, ni nake riga ƙanena amsawa da cewa haka Allah ya rubuta. Wata Juma'a bayan mun dawo masallaci, shagon babu kowa, na zauna kusa da shi na ce ya yafe mini.

Ya daɗe yana naɗe wani yadi, har ya daidaita bakin yadin.

"Na yafe tuntuni, Yaya," ya ce. "Amma maganar haka Allah ya rubuta, ka bar wa wasu su faɗa. Ban da kai."

Ban sake faɗa ba. Yanzu in mai sayayya ya tambaye shi me ya sami ƙafar, nakan sunkuya ina auna yadi, shi kuma ya ce rauni ne na fili, ya tambayi mutum launin da yake so.